Gidan Sufayen da Ya Koma Gidan Kaso, da Batun Tsofaffin Gidajenmu na Birni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in tofa albarkacin bakina a kan wata shawara da na karanta a shafin ra'ayoyin masu karatu, wadda kuma nake yawan jin irinta a bakin mutane a nan Damagaram, musamman a ƙarshen damina, idan aka wayi gari wani tsohon soro ya zube a Birni. Shawarar ita ce hukuma ta karɓi tsofaffin gidajen ƙasa da magada suka kasa riƙewa, ta mai da su ofisoshi ko ɗakunan ajiya ko duk abin da ta ga dama, tunda gini in babu kowa a cikinsa faɗuwa yake yi. Akwai gaskiya a wannan magana, kuma ban zo don in rushe ta ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan “duk abin da ta ga dama”, saboda wani gini da na taɓa gani da idona a Faransa shekarun baya, lokacin da aka tura mu ƙaro ilimi, mu malaman tarihi.

Sunan wurin Clairvaux, a bakin masu shi Kilervo, ma'anarsa kwari mai haske. Yana cikin jihar Aube, kudu maso gabashin Paris, kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Bar-sur-Aube. A shekarar 1115 wani saurayi mai suna Bernard, ɗan shekara 25, ya fito daga gidan sufaye na Cîteaux tare da ƴan'uwansa kaɗan, suka sauka a wannan kwari da ke tsakiyar kurmi, suka kafa gidan ibada. Ya kamata in yi wa mai karatu bayanin su wane ne waɗannan sufaye na Kirista, domin ba mu da irinsu sak a cikin al'adarmu. Abin da ya fi kusa da rayuwarsu a wurinmu shi ne halwa, sai dai malaminmu yakan shiga halwa ne na wasu kwanaki ya fito ya koma cikin iyalinsa, su kuwa tasu ba ta da ranar fita. Mutum yakan yafe aure da dukiya, ya yi alkawarin biyayya ga shugaban gidan, ya zauna a bayan katanga har mutuwa ta zo masa. Ƙararrawa ce ke tashinsu a tsakiyar dare, ita ke kiransu addu'a sau bakwai a yini, ita ke tura su gona, ita ke maido su ɗakin cin abinci, inda suke ci ba tare da magana ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa, wato katanga da ƙararrawa da shiru da aikin hannu, domin zai sake haɗuwa da su a gaba.

Gidan ya haɓaka da sauri ƙwarai. A 1145 ɗaya daga cikin almajiran Bernard ya zama Fafaroma da sunan Eugene na Uku, kuma kafin Bernard ya rasu a 1153 sufayen gidan sun kai ɗaruruwa, rassansa sun bazu a ƙasashen Turai da dama. Ba zan ɓoye wa ƴan'uwana Musulmi ba cewa wannan Bernard ɗin shi ne ya tsaya a garin Vézelay a 1146 ya yi wa'azin fita Yaƙin Gicciye na Biyu, wanda rundunarsa ta watse a ƙofar Dimashƙa a 1148. Ba yabonsa na zo yi ba, ginin da ya bari nake bi. Da tafiya ta yi tafiya, gidan da aka kafa a kan talauci ya wayi gari da gonaki da dazuzzuka da garken dabbobi da maƙeru, har a ƙarni na 18 shugabanninsa suka rushe yawancin tsofaffin ɗakunan suka gina sababbi masu kama da fadar sarki, a cikin wata katanga mai tsawon kusan kilomita 3. Abin mamaki, lokacin da ginin ya kai iyakar girmansa, mazauna cikinsa sun ragu sun koma ƴan gomomi.

A haka juyin juya halin Faransa ya same su. A watan Nuwamba na 1789 majalisa ta mai da dukiyar coci mallakin ƙasa, a 1790 ta soke alkawuran sufanci, sufaye suka watse. Aka kwashe littattafan gidan aka kai birnin Troyes, inda suke har yau, kuma a 2009 hukumar UNESCO ta sanya su cikin kundin taskokin rubutu na duniya. Ginin kansa aka sayar da shi a 1792, ƴan kasuwa suka buɗe masana'antar gilashi a ciki, abin bai ɗore ba. A 1808, zamanin Napoleon, gwamnati ta sake sayensa domin ta mai da shi gidan kaso.

A nan ne nake so in ɗan daɗe, domin dalilin wannan sauyi shi ne zuciyar maganata. Kafin juyin juya hali, hukuncin mai laifi a Faransa yawanci a jikinsa yake sauka, ko bulala, ko lalas da ƙarfe mai zafi, ko tuƙin jiragen ruwan sarki, ko kora daga ƙasa, ko kisa, kurkuku kuwa galibi wurin jiran shari'a ne. Dokar laifuffuka ta 1791, da wadda ta biyo ta a 1810, su suka mai da tsare mutum na tsawon shekaru ya zama babban hukunci. Sai gwamnati ta wayi gari da dubban mutanen da kotu ta ɗaure, ba ta da inda za ta zuba su, ba ta kuma da kuɗin gini, saboda yaƙe-yaƙen Napoleon sun cinye baitulmali. Ga kuma manyan gidajen sufaye zaune babu kowa, nesa da gari, da doguwar katanga da ƙofa guda, da manyan ɗakunan kwana, da ɗakin cin abinci, da rijiya, da wuraren sana'a. Ba Clairvaux kaɗai aka yi wa haka ba, an yi wa Fontevraud da Loos da Eysses, an kuma yi wa Mont-Saint-Michel, wanda ya ci gaba da zama kurkuku har 1863. Magina ba su sha wata wahala ba wajen sauya ginin, tunda an tsara shi tun asali domin raba mutum da duniya. Sakatar ƙofa ce kawai aka cire daga ciki aka mayar waje. Ƙararrawa ta ci gaba da tashin mutane da kwantar da su, aikin hannu ya ci gaba, a 1839 ma sai gwamnati ta kafa dokar hana fursunoni magana a manyan gidajen kaso, ta yadda shirun da sufi ya zaɓa domin ibada ya zama wanda ake horon mutum idan ya karya shi.

Dole in yi adalci ga masu shawarar da nake amsa wa, domin tarihin nan yana da hujjar da ke goyon bayansu. Gidajen sufayen da ba su sami mai amfani da su ba, da yawansu sun ƙare a hannun masu sayar da duwatsu. Cocin gidan Cluny, wanda ya yi ƙarnuka yana zaman coci mafi girma a Turai ta Yamma, an sayar da shi an farfasa, ɗan ɓangare kaɗan ne ya rage a tsaye. Clairvaux kuwa, saboda gwamnati tana buƙatar rufinsa kada ya yi yoyo a kan fursunoninta, har yau akwai dogon ginin ƙarni na 12 na sufaye masu aikin gona, wanda na shiga na ɗaga kai na ga bakan rufinsa na dutse kamar jiya aka ɗaura. In da tsayuwar bango kaɗai ake nema, to gidan kaso ya cece shi.

Amma a duba abin da aka biya. A 1812, shekara huɗu kacal bayan gwamnati ta karɓi wurin, aka rushe babban cocin gidan, wanda shi ne dalilin kafa wurin tun farko, aka sayar da duwatsunsa, saboda mai riƙon gidan kaso bangon tsaro yake buƙata da kuɗin biyan bashi, coci kuwa bai shiga lissafinsa ba. Manyan ɗakuna aka raba su da benaye da shingaye domin su ɗauki ƙarin mutane. A tsakiyar ƙarni na 19 akwai lokacin da aka tara mutum fiye da 2,000 a wurin, maza da mata har da yara. Gwamnati kuma, don neman sauƙi, sai ta miƙa ciyar da su da tufatar da su ga ƴan kwangila, su kuma su ci moriyar aikin fursunoni a masaƙu. Kowa ya san abin da ɗan kwangila zai yi idan ribarsa tana cikin abin da ya rage daga kwanon wanda ba shi da bakin kai ƙara. A 1847 asiri ya tonu, aka gano cewa kimanin mutum 700 sun mutu cikin wata 30 saboda rashin abinci mai kyau da sanyi da cuta, har maganar ta kai gaban kotu. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe, amma wannan arahar rayuka ta ci.

Ranar da muka je, wani ɓangare na wurin yana nan a matsayin gidan kaso mai aiki, don haka sai da muka ajiye katin shaidarmu a ƙofa kafin mai yi mana jagora ya shige gaba. Ya hau da mu bene na sama na ginin da sufayen ƙarni na 18 suka yi domin jin daɗinsu, ya buɗe wata ƙofa, sai ga layi biyu na wasu ƴan akurkai na katako da ragar ƙarfe, a jere a ƙarƙashin rufi. Faransawa da kansu akurkin kaji suke kiransu. Asalinsu wata doka ce ta 1875 da ta nemi a riƙa raba fursunoni, kuma da yake ginin ba a yi shi da ƙananan ɗakuna ba, sai aka kakkafa waɗannan a cikin manyan ɗakunan kwana. Na shiga ɗaya na miƙa hannuwana, saura kaɗan in taɓa bango biyu a lokaci guda, tsawonsa kuwa daidai kwanciyar mutum ne da ɗan abin da ba a rasa ba. A wasu wurare katakon ya yi santsi ya yi duhu saboda shafar hannu. Lokacin kaka ne a can, amma sanyin da ke cikin ɗakin ya fi na tsakiyar hunturunmu. Na tambayi jagoran yaushe aka daina kwantar da mutane a ciki, ina tsammanin zai ambaci zamanin kakanninsa, sai ya ce mini sai farkon shekarun 1970. Na yi lissafi a raina, na ga a lokacin Nijar ta yi shekara goma da samun ƴancin kai, ni kuwa ina ɗan lakwal a nan Damagaram, ana koya mana cewa Faransa ce uwar haƙƙin ɗan Adam.

Mutanen da suka ratsa wannan gida suna da yawa, zan ambaci kaɗan. Akwai Claude Gueux, wanda ya kashe wani shugaban masu gadi a 1831 aka sare kansa a Troyes a 1832, marubuci Victor Hugo kuma ya ɗauki labarinsa a 1834 ya yi suka da shi a kan yadda al'umma ke hukunta talaka. Akwai ɗan gwagwarmaya Auguste Blanqui, akwai kuma Kropotkin ɗan Rasha, wanda ya zauna daga 1883 zuwa 1886. A watan Satumba na 1971 wasu fursunoni biyu, Buffet da Bontems, suka yi garkuwa da wata ma'aikaciyar jinya da wani mai gadi, aka tarar an kashe su duka biyun. An sare kawunan fursunonin a Paris a watan Nuwamba na 1972, duk da cewa kotu ta yarda Bontems bai kashe kowa da hannunsa ba. Lauyansa, Robert Badinter, shi ne ya zama ministan shari'a a 1981 ya gabatar da dokar da ta soke hukuncin kisa a Faransa. Sai kuma a farkon 2006 wasu fursunoni goma masu ɗaurin rai da rai a Clairvaux suka rubuta takarda suna neman a maido musu da hukuncin kisa, domin a ganinsu ya fi sauƙi a kan mutuwar sannu a hankali da suke yi. A 2016 gwamnati ta ba da sanarwar rufe gidan, masu gadi da mutanen ƙauyukan kewaye suka yi zanga-zanga saboda nan ne abincinsu yake, amma a 2023 aka kwashe fursunonin ƙarshe. Sufaye sun yi shekara kusan 675 a wurin, fursunoni sun yi fiye da 200, daga nan kuma aka bar hukumomi da neman abin da za su yi da fili mai kadada kusan 30 da gine-ginen da ke cikinsa.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Damagaram da wannan. Ruwanmu yana cikin bakinmu ma. Kalmar “kaso” da muke faɗa kullum daga Faransanci ta zo mana, daga sunan ɗakin duhun da ake jefa mai laifi, alhali “gidan yari” da ƴan'uwanmu na Najeriya suka fi amfani da ita tana komawa ne ga Yari, mai sarautar tsaron ɗaurarru a fadar sarki. Ba na cewa sarakunanmu ba su ɗaure mutane ba, sun ɗaure, kuma hukuncin Damagaram a ƙarni na 19 ba abin wasa ba ne. Amma tsarin da ya cika Clairvaux shi ne ya biyo sojojin Faransa da suka ci garin nan a 1899 bayan yaƙin Tirmini, kuma a ƙarƙashin dokar ƴan ƙasa ta mulkin mallaka kumandan yana da ikon jefa mutum kaso na kwanaki ba tare da shari'a ba, har zuwa 1946 da aka soke ta. Garinmu ya riƙe matsayin babban birnin ƙasar daga 1911 zuwa 1926 da aka koma Yamai, saboda haka kakanninmu sun ga wannan hukuma kusa da kusa, sun kuma san yadda take ɗaukar abin da ta tarar ta lanƙwasa shi ya dace da buƙatarta.

To, bari in dawo Birni. Garun da Sarki Tanimun ya kewaye garin da shi a tsakiyar ƙarni na 19, yau sai an nuna maka guntayensa kafin ka gane. Tsohon garin Damagaram yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006 yana jiran a duba shi, alhali tsohon garin Agadas ya shiga kundin kayan tarihi na duniya a 2013. A lungunmu akwai wani gida mai zaure biyu da zane a fuskarsa, wanda tun ina yaro nake ganin masu shi suna kiran magina bayan kowace damina su sake yaɓe, su gyara indararo, su duba azara. Da maigidan ya rasu magada suka watsu, sai aka ba da hayarsa ga wani ofishi, unguwa kuma ta yi murna cewa gida ya sami mai riƙo. Cikin wata biyu aka fasa bangon zaure aka sa babbar taga ta ƙarfe, aka sare zankwaye saboda wayar lantarki, aka shafe fuskar gidan da siminti har zanen ya ɓace. Wani tsohon magini da ke zama kusa da mu ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce mini, “Malam, sun sa masa rigar da ba ya iya numfashi a ciki.” Gaskiyarsa kuwa, domin bangon ƙasa yana shan laima yana fitar da ita, siminti kuma yana tsare ta a ciki har tubali ya ruɓe ba a gani ba. A damina ta huɗu fuskar gidan ta ɓallo gaba ɗaya ta faɗo kan hanya da asuba, Allah ya kiyaye babu mai wucewa. Ofishin ya kwashe teburansa ya koma wani wuri.

Saboda haka abin da nake roƙo, in har za a bi shawarar karɓar gidajen nan, shi ne a rubuta tun farko abin da za a yi da kowane gida, da abin da ba a yarda a taɓa ba a jikinsa, kuma kada a fasa bango ko a shafa wani abu sai an nemi ra'ayin maginan gargajiya da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da magadan gidan. A fi ba da ƙarfi ga amfanin da ya yi kusa da abin da aka gina gidan dominsa, kamar makarantar allo, ko ɗakin karatu, ko masaukin baƙi, ko wurin aikin dukawanmu da aka san garin nan da su, domin zauren da aka yi don a zauna a gaisa ba zai ɗauki injin da akwatunan ƙarfe ba sai an yi masa rauni. A kuma ware kuɗin yaɓen shekara-shekara a cikin yarjejeniyar, tunda gidan ƙasa da wannan yake rayuwa.

Akwai kuma abu guda da na koya daga Fontevraud, wanda aka rufe kurkukunsa a 1963. Masu gyara sun rushe yawancin abin da zamanin kaso ya bari domin su maido da kamannin gidan ibada, har mai ziyara yana iya zagayawa ya fita bai san dubban mutane sun yi shekaru a ɗaure a wurin ba. A Clairvaux an bar akurkan nan a inda suke, kuma su ne abin da na fi tunawa. Idan za a rubuta tarihin gidajen Birni da gine-ginen zamanin Nasara da ke garin nan, ina fatan za a rubuta har da wanda aka tsare a ciki, da wanda ya ɗauko ƙasa da duwatsu a ka a aikin tilas, ba sunan mai gidan kaɗai ba.

Ina roƙonka, Malam Edita, ka turo wakilinka Birni kafin ruwan bana ya sauka, ya zo da abin ɗaukar hoto. Zan zagaya da shi lungu-lungu, in kuma kai shi wurin tsohon maginin nan, wanda har yanzu yana iya faɗa maka sunan wanda ya ɗaura rufin kusan kowane soro a unguwarmu.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
Wani tsohon malamin tarihi,
Unguwar Birni, Damagaram.